Raiɗore da tafiyar ɓera: littafin aiki daga Damagaram

12 ga Oktoba, 2024

An gama tsinkar raiɗore. Wuri biyu muka ɗebo shi, bakin wani tafki ta wajen Garin Malam da gefen gonaki a kan hanyar Mirya. Kwanson kowane wuri da buhunsa, an rubuta wuri da rana a jiki, ganyen kuma mun ware shi mun shanya a inuwa. Ruwa ya ɗauke, shukar ta soma kaɗe ganye, kwanso ya bushe ya yi ruwan ƙasa, in ka girgiza reshe kana jin ƴaƴan suna ƙara a ciki. Lokacin da muke nema ke nan, don yanzu ne kwanso ya fi ganye yawa a jikin shukar.

Malam, mai jagorantar aikinmu, ya hana a soma komai sai da aka kai reshe mai fure da kwanso wurin masanin tsirrai, ya tabbatar Senna occidentalis ne, wanda tsofaffin littattafai ke kira Cassia occidentalis, wasu garuruwa kuma su ce sanga-sanga. Dalilin Malam shi ne tafasa. Dangi ɗaya ne, furensu duk rawaya, kuma wuri guda suke fitowa, a juji da bakin hanya. Ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, biyu-biyu sau uku a kan sanda, kwansonta siriri ne dogo mai lanƙwasa. Na raiɗore bakinsa da tsini, in ka murza shi warinsa na hawa kai, kwansonsa kuwa a shafe yake, gefe da gefe da layi mai haske. Wanda ya tashi da cin kwaɗon tafasa ba zai rikita su ba, amma rahoton gwaji yana buƙatar shaidar masani da busasshen reshen da aka adana.

Tambayar aikin ita ce: in ɓera ya dinga cin ƴaƴan raiɗore kaɗan-kaɗan kullum har kwana 28, me zai sami tafiyarsa, da ƙarfin riƙonsa, da daidaiton jikinsa? In kuma an ga rauni, daga ina ya fito, tsoka ce ta lalace ko jijiya?

19 ga Oktoba, 2024

Na je kasuwar Dole wurin wani dattijo mai sayar da saiwoyi da sassaƙe, wanda tun ina yaro a wurinsa gidanmu ke saye. Na tambaye shi yadda ake aiki da raiɗore. Ya ce: "Ɗana, ganye ake dafawa. Mai masassara ya yi sirace, ya yi wanka, ya kurɓi kaɗan. Ƴaƴan kuwa ban taɓa ba kowa ɗanye ba, haka na gada." Na ce: "To Baba, garin da ake ƙullawa a leda fa?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce da rani ɗanyen ganye ba ya samuwa, don haka da kaka masu tarawa kan sare kan shukar ɗungum, su shanya, su daka. Mai natsuwa zai zauna ya cire kwanso ɗaya bayan ɗaya. Mai gaggawa, ko wanda ya sa yara aikin, duk abin da ya shiga turmi ya shiga.

Na sayi ƙulle-ƙullen garin a hannun masu talla daban-daban cikin gari, na baza kowanne a kan farar takarda ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Wasu kore shar, ganye zalla. A wasu kuwa ga ɓarɓashin ɓawo nan mai tauri, ruwan ƙasa, da ƴan guntayen ƙwaya da rariya ba ta tare ba.

A ganina nan ne gaɓar maganar duka. Babu wanda ya yi niyyar ba yaro ƴaƴan raiɗore. Uwa ta sayi koren gari, ta ɗebi abin da yatsa uku suka kama kamar yadda kakarta ke yi, ta jiƙa ta ba ɗanta safe da yamma. Awon da ta gada awon ganye ne. In kwanso ya shiga, awon yana nan yadda yake, abin da ke cikinsa ne ya sauya, ita kuwa ba ta da hanyar ganewa. Ban shiga wannan aiki don in tozarta masu magani ba. Mutanen da ke nesa da asibiti su ne madogararsu, kuma Baba da kansa ya fi ni sanin cewa ƴaƴan ba abin wasa ba ne. So nake mu samu hujjar da za mu kai masu, su gani da idonsu.

26 ga Oktoba, 2024

Makon karatu, kafin ɓerayen su iso.

Abin da ya fi tsaya mani a rai labarin Indiya ne. A yammacin jihar Uttar Pradesh, musamman yankin Saharanpur, an yi shekaru ana fama da wata cuta mai tasowa daga Satumba zuwa Disamba. Ƙananan yara take kamawa, ƴaƴan talakawan ƙauye. Yaro zai fara da amai da zazzaɓi, ya rikice, ya suma, cikin kwana biyu ko uku ya rasu, kuma wajen uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu ba sa tashi. An daɗe ana zaton ƙwayar cutar kumburin ƙwaƙwalwa ce, ana ta nema ba a samu ba. A 2007 wasu likitoci, cikinsu har da T. Jacob John na Vellore, suka wallafa binciken da ya nuna cewa hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa tare, kuma yaran da abin ya shafa sun ci ƴaƴan wannan shuka, suna tsinkar kwanson wurin wasa a bayan gida. Da aka shiga faɗakar da iyaye ana tuge shukar kusa da gidaje, mace-macen suka ragu ƙwarai. Watannin da cutar ke tasowa su ne watannin da kwanso ke nuna, a can da nan duk ɗaya.

Bayan haka masu bincike a birnin Lucknow na Indiyar suka haɗa ƴaƴan a abincin ɓeraye, suka ga lahani mai kama da na yaran, suka kuma gano sinadaran dangin anturakwinon, irin su rein da emodin, a jinin marasa lafiyar. Dangin sinadaran da ke sa filasko ya wanke ciki ne. A Barazil kuwa, masana na São Paulo sun wallafa a 2005 cewa ɓerayen da suka ci ƴaƴan a kashi 1, 2 da 4 cikin 100 na abincinsu har mako biyu sun yi kasala da rauni da rama, kuma da aka duba namansu an ga lalacewa a tsokar ƙafa da ta zuciya, da hanta, da ƙwaƙwalwar ƙeya. Tun a ƙarshen shekarun 1990 gwaje-gwajen da aka yi a can kan ƴan tsaki sun nuna lahani a tsoka da kuma jijiyoyin ƙafa, sun kuma nuna ɓawon ƙwayar ya fi sauran sassanta dafi. Ɓawon nan shi na gani a kan farar takarda.

Likitocin dabbobi sun riga kowa sanin abin. Saniyar da ta ci da yawa takan yi tangaɗi, ƙafafun baya su saki, fitsarinta ya yi duhu saboda narkakkiyar tsoka da ke fita ta ƙoda, ta kwanta ta kasa tashi alhali idonta biyu har tana cin ciyawa. Dabba ba ta cika son shukar ba, yawanci ta cikin hatsi ko dusar da ƴaƴan suka gauraya da su take shiga. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne dafin yana taɓa mitokondiriya, ƴan ƙananan sassan nan na cikin ƙwayar halitta masu sarrafa abinci ya zama ƙarfi. Tsoka da zuciya da hanta da jijiya su ne suka fi kowa buƙatar wannan ƙarfi, shi ya sa su ke fara nuna alama.

4 ga Nuwamba, 2024

Kwamitin da ke duba haƙƙin dabbobin gwaji ya amince da tsarinmu, ɓerayen kuma sun iso daga Kano. Da dare aka taho da su don gudun zafin hanya. Irin Wistar ne, farare masu jan ido, zuriyar da aka fara kiwo a Cibiyar Wistar ta Filadelfiya a Amurka tun 1906. Matasa ne, ba su kai mako tara ba.

Muna bin ƙa'idoji guda biyu na OECD, ƙungiyar ƙasashen da ke tsara yadda ake irin wannan gwaji, mai lamba 407 ta gwajin dafi na kwana 28 da mai lamba 424 ta lahanin jijiya. Zafin ɗaki ya tsaya tsakanin digiri 19 da 25, laimar iska kashi 30 zuwa 70, haske awa 12 duhu awa 12. A Damagaram wannan sharaɗi ba ƙaramin aiki ba ne, da rana har yanzu ana zafi, dole kilim mai sanyaya ɗaki ya yi ta aiki, in kuran ya ɗauke a tada gurup mai ba da wuta. Shi ya sa Malam ya tsara gwajin ya faɗo cikin sanyi. Ƙa'ida ta ce a bar su su saba da wuri aƙalla kwana biyar, mu za mu ba su fiye da haka saboda gajiyar tafiya.

Rukuni shida ne, kowanne maza biyar mata biyar. Na farko abinci zalla. Uku za su ci abinci mai garin ɗanyun ƴaƴa, rabin kashi ɗaya, kashi 1, da kashi 2 cikin 100. Na biyar za a ɗura masu ruwan dafaffen ganye, yadda Baba ya kwatanta dahuwar. Na shida Malam ne ya dage a kansa: abinci mai tsabta za su ci, amma kullum a auna masu daidai abin da rukunin kashi 2 suka ci jiya. Ya ce: "Ɓeran da bai ƙoshi ba ma zai faɗo daga sanda. In ba ka raba yunwa da dafi ba, me za ka ce ka gani?"

9 ga Nuwamba, 2024

Kayan gwaji sun haɗu, kusan duka a gari aka ƙera su. Kafinta ya yi sandar tsallakawa, tsawonta mita ɗaya, faɗinta santimita biyu, an ɗaga ta rabin mita daga ƙasa, ƙarshenta da akwati mai duhu, ƙarƙashinta katifa. Ya kuma haɗa babban akwatin fili mai layi-layi a ƙasa, irin gwajin da Calvin Hall ya fito da shi a 1934, inda ake ƙirga yawon ɓera da sau nawa ya miƙe a kan ƙafafun baya. Sanda mai juyawa, wadda Dunham da Miya suka bayyana a 1957, mai walda ne ya haɗa mana da injin goge gilashin mota, wani mai gyaran rediyo ya sa mata abin ƙara gudu daga juyi 4 zuwa 40 a minti. Mun manna farin tef a jikinta muka ƙirga juyin da agogo har muka gamsu.

Ƴaƴan a ɗakin gwaji muka niƙa su. Abokiyar aikina ta kawo shawarar a kai injin unguwa don sauƙi, kafin ta rufe baki ita da kanta ta janye maganar: duk wadda ta kawo gero bayanmu da ragowar garinmu za ta koma gida. Ƙwayar da taurin tsiya, turmin ƙarfe ya sha aiki. An tankaɗe, an gauraya da niƙaƙƙen abincin ɓeraye, an kwaɓa, an mulmula, an busar.

15 ga Nuwamba, 2024

Horo da awon farko. Kafin a ba su komai sai kowane ɓera ya koyi sanda, a rubuta yadda yake tafiya da lafiyarsa, don da kansa za a gwada shi daga baya.

Lafiyayyen ɓera a kan sanda abin kallo ne. Yakan tsaya da farko ya shinshina, gashin bakinsa na rawa, sannan ya miƙe ya bi ta da sauri zuwa duhun akwati. Tafukansa huɗu a saman katakon suke sauka, ba ya kama gefe, cikinsa bai taɓa sanda, wutsiya a ɗage tana karkata hagu da dama tana gyara masa nauyi. Ƙafar baya kusan a sawun ta gaba take sauka. Wannan tsari aikin sassa da yawa ne a lokaci guda: jijiyoyin ji suna kai labarin inda ƙafa take, ƙwaƙwalwar ƙeya tana lissafa gyara, laka tana miƙa umarni, tsoka tana cikawa. Ko wanne ya gaza, ƙafa za ta zame.

Don kada son zuciya ya shiga, abokiyar aikina ce kaɗai ke ba da abinci, ita ta sa wa kowane keji lambar sirri, takardar tana kulle a wurin Malam. Ni da ke ba da maki ban san wane ɓera ke cin me ba. Lokaci ɗaya muke gwaji kullum, da yamma liƙis, tun da ɓera da dare yake harkarsa. Bayan kowane ɓera sai a goge sanda da alkol, in ba haka ba na baya warin na gaba zai tsaya bi. Waɗanda ba sa shan ruwan ganye ma ana ɗura masu ruwa zalla, don kamu da ɗurar su zama daidai ga kowa.

18 ga Nuwamba, 2024

An fara ciyarwa da safe. Bismillah.

25 ga Nuwamba, 2024

Mako guda. A kan sanda babu wani abin faɗa. Abokiyar aikina ta ce wasu kejin suna barin abinci, ba ta faɗa mani waɗanne ba, ni ma ban tambaya ba. Wurin awon nauyi dai hannu na ji, wasu sun daina ƙaruwa, kashin wasu kuma ya yi laushi, abin da ba mamaki daga dangin filasko.

29 ga Nuwamba, 2024

Hunturu ya sauka, zafi ya daina damunmu, bushewar iska ta karɓe shi. Ma'aunin laima ya yi ƙasa da 30, ƙananan ɓeraye kuwa in iska ta bushe sosai fatar wutsiyarsu kan shaƙe zobe-zobe har ta lalace. Wutsiya tana cikin abin da suke tsallaka sanda da shi, lalacewarta za ta ɓata mana awo. Mun rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a taga, mun jera bahon ruwa a kusurwoyi, mai garuwa ya ƙara mana bido. Laimar ta dawo daidai.

2 ga Disamba, 2024

Yau na ga abin da ba na shakka a kansa. Wata macen ɓera, wadda a awon farko tana cikin masu saurin tsallakawa, ta hau sanda ta yi taku kaɗan sai ta kwantar da ciki a kan katakon. Ƙafafunta na baya suka sauko suka rungumi gefen sanda, ta dinga jan jiki da na gaba. Ƙafar hagu ta zame, ta maido ta, ta sake zamewa. Ba ta rikice ba, ta san inda akwatin yake, kanta na kallonsa, ƙarfin isa ne ya yi mata kaɗan. Da ta shiga duhu ta kwanta tana haki. Na tuna bayanin saniyar da ke kwance da idonta biyu.

Ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu da suka nuna irin haka amma bai kai nata ba. A sanda mai juyawa su ne ke riga faɗowa. A akwatin fili yawonsu ya ragu, miƙewa a kan ƙafafun baya kuwa kusan sun daina, kuma wannan miƙewa ƙarfin cinya take buƙata.

Abin da ya dame ni shi ne, a cikin keji ba za ka gane su ba. Suna ci, suna sha, suna gyara gashi. Sai an ɗora su a kan abin da ke neman ƙarfi da daidaito raunin ke bayyana. Yaron da ya tashi daga masassara yana jan ƙafa, yana son a goya shi, kowa cewa zai yi ciwon ne bai gama sakinsa ba, wataƙila ma a ƙara masa jiƙon. Ɓera ba mutum ba ne, kuma abin da namu ke ci ba awon gida ba ne, don haka ba zan ɗora wannan a kan wancan kai tsaye ba. Amma ya isa ya sa ma'aikacin lafiya ya riƙa tambayar uwa me ake jiƙa wa yaro, kuma ya ce a kawo garin ya gani.

9 ga Disamba, 2024

Makon sawu. Muna shafa wa tafin gaba jan launin abinci, na baya shuɗi, mu saki ɓera cikin siririn lungu da aka shimfiɗa wa farar takarda. Daga nan sai ma'auni da fensir: tsawon taku, faɗin da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagu, buɗewar yatsu, da ko shuɗi ya hau kan ja.

Kowane irin lahani da sawunsa. In ƙwaƙwalwar ƙeya ce ta taɓu, ɓera yakan ware ƙafafu, takunsa ya zama wani dogo wani gajere, layin tafiya ya yi ta karkacewa. In jijiyar ƙafa ce, yatsu sukan tsuke su daina bajewa, a ga alamar jan ƙafa a takarda, ji ma ya ragu. In tsoka ce, taku kan gajarta amma ya zauna a tsare, riƙo ya yi rauni, ji kuwa yana nan. Don haka muka ƙara gwaji uku: rataya a waya don auna riƙo, matsa yatsa a hankali a ga saurin janyewa, da sakin ɓera daga tsayin santimita 30 a kan takarda a auna yadda ya ware ƙafafun baya wurin sauka.

Takardun masu rauni yawancinsu gajeren taku ne a tsare, kuma da an matsa yatsa suna janyewa nan take. Wannan ya fi karkata ga tsoka. Amma a cikinsu akwai waɗanda faɗin tsakanin ƙafafunsu ya ƙaru, layinsu ya ɗan karkace. Na nuna wa Malam ina ɗokin cewa ƙwaƙwalwar ƙeya ce. Ya juya takardar ya ce: "A hankali. Mai raunin cinya ma yakan ware ƙafa don kada ya faɗi. Hanta in ta gaza, dattin da ba ta tace ba yakan hau kai ya rikita tafiya. Rubuta abin da takarda ta nuna, sunan ciwon ka bar wa madubin likita." Haka na rubuta.

Macen nan ta 2 ga wata nauyinta ya ragu da kashi 20 cikin 100, iyakar da muka yi alkawari a gaban kwamiti ke nan, ba a barin dabba ta wuce ta. An sa mata maganin barci mai nauyi, ba ta farka ba, muka ɗauki jini da nama. Tsohon da ke share mana ɗaki, wanda shi ke canza masu shimfiɗa kowace safiya, ya tsaya har aka gama. Ya tuna mana hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu, cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har wurin kisa da yanka. Na ce: "Gaskiya ne, Baba." Ran dabbar nan amana ne a hannunmu, hanyar sauke ta kuwa ita ce kada awo ɗaya ya tafi a banza ko a rubuta shi ba daidai ba.

16 ga Disamba, 2024

Kwana 28 sun cika jiya, an yi awon ƙarshe, yau aka rufe. Aiki tun asuba har bayan isha'i. Jini a kwalabe, an juya shi a inji, ruwan saman yana firigo. Daga kowane ɓera mun ɗauki hanta, ƙoda, zuciya, tsokar ƙwauri, tantanin numfashi, babbar jijiyar cinya, da ƙwaƙwalwa ɗungum, duk cikin formol mai kashi 10, ruwan da ke hana nama ruɓewa. Jijiyar cinya farin zare ce, in aka ja ta da ƙarfi za ta nuna lahanin da hannunmu ne ya yi shi, don haka a kan guntun kwali muke miƙe ta kafin a tsoma. Hantar wasu ta koɗe, tsokarsu ma ba ta kai ta sauran ja ba.

28 ga Disamba, 2024

Na ɗauki takardun sawu biyu, na lafiyayye da na mai rauni, da hoton sanda a salula, na kai wa Baba a kasuwa. Ya daɗe yana kallon hoton, ya sa aka maimaita masa. Wani makiyayi da ya zo sayen kanwa ya leƙo, ya ce shi dabbobinsa ko da yunwa ba su cika kula raiɗore ba, kuma ba ya barin harawar da ta gauraya da shi ta shiga garke. Baba ya ce zai gaya wa masu kawo masa kaya su cire kwanso tun a gona, wanda ya kawo dakakke kuma ba zai karɓa ba, ganye a buɗe yake so ya daka da hannunsa. Ya ce: "Ɗana, in kun gama ku zo ku faɗa wa ƴan uwana masu sana'ar, amma da Hausa, kuma ku zo da hoton nan." Na ce in sha Allahu.

Abin da na roƙe shi ya riƙa gaya wa iyaye mata tun yanzu, wanda bai jira sakamakonmu ba don Indiya ta riga ta tabbatar da shi: a tuge raiɗoren da ke bakin gida da inda yara ke wasa kafin ya yi kwanso. Yaron da ya ci ƴaƴan ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko sambatu, a garzaya da shi asibiti tare da reshen shukar. Dafin ba shi da makari na musamman, amma sukarin jinin irin waɗannan yara yakan faɗi ƙasa, kuma wannan abu ne da ake iya gyarawa in an isa da wuri.

13 ga Janairu, 2025

Na miƙa makin kowane ɓera, Malam ya sa hannu, sannan ya buɗe takardar sirri. Masu raunin nan rukunin kashi 2 ne, da kaɗan daga na kashi 1. Macen da muka kwantar tana cikin na kashi 2. Rukunin da aka auna wa abinci sun rame su ma, amma a saman sanda suke taka ƙafa, riƙonsu bai faɗi kamar na waɗancan ba. Yunwa kaɗai ba ta isa ta bayyana abin da muka gani ba, kuma da babu rukunin nan na shida da ba mu da bakin faɗin haka.

Jini ya tafi tare da sanda. Sinadaran da ke tsiyayowa cikin jini in hanta ta ji rauni, ALT da AST, sun hau a rukunin kashi 2, haka ma CK mai fitowa daga lalatacciyar tsoka. Masu shan ruwan ganye ba su bambanta da na abinci zalla ba a gwajin tafiya. Wannan ya zo daidai da wani gwajin Barazil na 2011 da bai ga lahani a ɓerayen da aka ba ruwan ganye da kara ba. Duk da haka Malam ya hana a rubuta cewa ganye ba shi da illa: awo ɗaya muka gwada, na kwana 28, a kan lafiyayyun ɓeraye, ba masu ciki ba ba jarirai ba, kuma an san shanu sun cutu da cin ɗanyar shukar da yawa.

Kwalaben formol sun tafi wurin masanin da zai yanka naman ya rina ya duba a madubi, da lambobin sirri shi ma. Mun roƙe shi ya ƙirga manyan ƙwayoyin Purkinje na ƙwaƙwalwar ƙeya, ya kuma duba rufin jijiyar cinya, don a nan ne za a raba gardamar tsoka da jijiya.

Kafin sakamakon ya dawo za mu shiga zango na biyu. A ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma ana soya ƴaƴan raiɗore a daka a sha kamar kafe, ana cewa wuta na kashe dafin. Za mu soya su a zafi da tsawon lokaci daban-daban, mu fara auna yawan anturakwinon da ya rage a kowanne, sai wanda awon ya nuna akwai dalili za a kai ga ɓera. Sauran buhun hanyar Mirya zai isa. Ranar Alhamis za a ɗora kaskon farko.